Darasi na 14: Baƙuwar Ciyawa a Cikin Ciyawar Ado

Kalma ɗaya Bahaushe yake da ita ga abin da ake nomewa a gona da abin da ake shukawa a harabar ofis don ado: duka ciyawa ce, ko haki a bakin Sakkwatawa da mutanen Nijar. Shi ya sa manomin da ya shigo birni da rani ya tarar da ƙato riƙe da tiyo yana shayar da ciyawa yakan tsaya yana al'ajabi. Amma abin ya riga ya zama sana'a. Makarantu da asibitoci da otal-otal da filayen ƙwallo da gidajen masu hali duk suna son shimfiɗar ciyawa kore shar, kuma cikin masu zuwa ajinmu akwai gadina, akwai masu gadin da aka haɗa musu da kula da fulawa, akwai matan da ke da ɗan fili a tsakar gida inda yara ke wasa.

Matsalar wannan fili ba irin ta gona ba ce. A gona akwai kunya akwai kwari, gero yana gefe ciyawa tana gefe, fartanya ta san inda za ta bi. A filin ado kuwa, wadda ake so da wadda ba a so sun cakuɗe kamar gero da tsakuwa, duk saran da ka kai wa ɗaya ya sami ɗayar.

Wani dattijo mai kula da harabar wata makaranta ya taɓa zuwa mini da ganye cike da hannu.

"Malam, wannan abar ta hana ni sakat. Na yanke ta ranar Asabar, kafin Talata ta kere sa'o'inta. Na bi ta da hannu, inda na cire ɗaya sai uku su fito. Wane magani zan saya?"

Na ce, "Baba, ina saiwar?"

Ya ce, "Ai ni ganyen ne ya dame ni."

Na roƙe shi ya koma da shebur. Abin da ya dawo da shi za mu zo kansa, amma darasin yau daga wannan tambayar ya fara.

A tona kafin a fesa

Wanda ya je kanti ya ce a ba shi maganin ciyawa, bai san wace ciyawa ba ce, tamkar wanda ya je kemis ne ya ce a ba shi maganin ciwo. Za a ba shi wani abu, za a kuma karɓi kuɗinsa. Saboda haka aikin farko shi ne a ɗebo baƙuwar gaba ɗayanta. A jiƙa wurin da ruwa ya yi laushi, a kafa shebur kamar taƙi ɗaya nesa da gindinta, a nutsa shi aƙalla tsawon bakinsa, a ɗago ƙasar dunƙule guda. Sai a sa a bokiti a wanke a hankali. Kada a fizga, domin abin da ake nema yana tsinkewa ya zauna a ƙasa.

Daga nan a kama karan a murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. Wannan ɗan gwaji ya fi duk wani hoto amfani. Idan karan ya murzu sumul, zagayayye ko ɗan shafaffe, yana da gaɓoɓi irin na karan dawa, ganyensa dogo siriri yana fitowa ɗaya dama ɗaya hagu, to dangin gero da dawa ce, wato ciyawa ta asali. Idan ka ji kusurwa uku suna tokarar yatsa, babu gaɓa ko ɗaya, cikin karan a cike yake, ganyen kuma ya kasu ɓangare uku idan ka leƙa shi ta sama, to dangin aya ce, ko da ta yi kama da ciyawa. Kama da wane ba ta wane. Rukuni na uku ba ya ɓuya: masu faffaɗan ganye, waɗanda jijiyoyin ganyensu suka bazu kamar raga, irin na wake da alayyafo, galibi da doguwar saiwa ɗaya mai nutsewa.

Wannan rabe-rabe ba don jarrabawa ake koyon sa ba. Magungunan feshi a kansa aka gina su. Wanda ke kashe masu faffaɗan ganye yakan bar dangin gero, wanda ke kashe dangin gero ba ya yi wa dangin aya komai.

Tambaya ta biyu saiwa ce kaɗai ke amsa ta: 'yar damina ce ko mai kwana a ƙasa? 'Yar damina daga iri take tsirowa, ta yi fure, ta zubar da 'ya'ya, ta mutu. Saiwarta gashi-gashi ce ko guda ɗaya, babu rumbu a cikinta. Ita yaƙinta mai sauƙi ne, a hana ta yin iri. Mai kwana a ƙasa kuwa tana da ajiya: ƙululu kamar aya, ko farar jijiya mai gaɓa-gaɓa da ke tafiya a kwance ƙarƙashin ƙasa. Ko an ƙone samanta ƙurmus, tana nan tana jiran ruwa.

Idan duk da haka ba a gane ta ba, a dasa guda ɗaya a tsohon bokiti a ajiye gefe har ta yi fure, domin fure da 'ya'ya su ne shaidar da ba ta ƙarya. A kai wa tsohon manomi ko makiyayi, wanda sau da yawa kallo ɗaya zai yi ya faɗi sunanta, har ya ƙara da ko dabba na cin ta. A kai wa malamin gona na ƙaramar hukuma. Masu nazarin ciyayi suna nan a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, a Nijar kuma akwai INRAN. In tafiyar da nisa, a shimfiɗa tsiron tsakanin takardun jarida a danne da abu mai nauyi, kada a ƙulle shi a leda, kwana ɗaya zai ruɓe. Masu babbar waya suna iya ɗaukar hoto su gwada PlantNet ko Google Lens. Ni dai ina ɗaukar amsarsu kamar ta ɗan makarantar da ya yi karatu da yawa bai taɓa riƙe fartanya ba: yakan dace a kan mai fure, yakan yi ta kame-kame a kan dangin gero da aka yanke wa kai. Wata fa'ida ta sanin sunan Latin ita ce sunayenmu na Hausa suna sauyawa daga gari zuwa gari. Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga littafin da ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya, kuma har yau masana na komawa gare shi.

Fuskokin da aka fi gani

Yawancin baƙin nan ba baƙi ba ne, a gona mun san su, askin da injin yanka ya yi musu ne ya sauya musu kama. Tuji yana fitowa tushe guda a baje, gindinsa fari-fari a shafe, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tuge shi ya san taurin kansa. Inda ka gan shi, ƙasa ta daddage: bakin hanyar da mutane suka yanke ta tsakiyar fili, gaban raga a filin ƙwallo, inda ake ajiye mota. Ka cire shi sau goma, in ba ka sassauta ƙasar ka kuma toshe hanyar ba, zai dawo. Karangiya da tsidau kuwa wurin yashi suke so, inda ruwa da taki suka yi ƙaranci har ciyawar ado ta yi sanƙo. Tsidau yana kwanciya a ƙasa da ɗan furensa rawaya mai kunne biyar, kuma ƙayarsa ce ke hana yara tafiya ba takalmi. Dukansu 'yan damina ne, a cire su kafin ƙaya ta nuna, a ƙone, kada a zuba a juji. Nonon kurciya da an karya ta farin ruwa zai fito. Balasa mai shuɗin fure ta fi su wayo: karanta mai ruwa-ruwa ne, kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, don haka wanda ya sassare ta ya bari a wurin dashe ya yi mata. Tofa, da kaifin ganyenta da jijiyarta mai tsini, tana cikin masu kwana a ƙasa.

Abin dariya, ita kanta ciyawar kirikiri da ake shukawa a filaye da yawa na ƙasar Hausa saboda jurewar rana da tattaki, a gonar manomi annoba ce. Wurin da tsiro ya fito shi ke sa a kira shi ado ko a kira shi ɓarna.

Abin da dattijo ya dawo da shi

Da muka wanke dunƙulen ƙasar da ya kawo, sai ga baƙaƙen ƙululai masu tauri, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba, an jera su a kan wata siririyar jijiya mai ƙarfi kamar waya, ɗaya bayan ɗaya tamkar carbi. Kara mai kusurwa uku, ganye kore mai sheƙi. Aya-aya ce, wadda masana ke kira Cyperus rotundus.

'Yar'uwar ayar da muke ci ce, kuma dangin kajijin da mata ke sawa a turare. Ana rarrabe ta da ayar ci ta hanya uku. Ayar ci kowace jijiya ƙwaya ɗaya take ɗauka a ƙarshenta, aya-aya kuwa jerawa take yi. Furen aya rawaya-rawaya ne, na aya-aya ja ne mai duhu. Ƙwayar aya da zaƙi, ta aya-aya da ɗaci da ɗan ƙamshi. A 1977 masanin ciyayi LeRoy Holm na Amurka da abokan aikinsa suka fitar da littafi a kan ciyayin da suka fi addabar manoman duniya, suka sa aya-aya a lamba ta ɗaya, saboda an kai ƙararta a amfanin gona iri 52 a ƙasashe 92. Ta biyu a jerin ita ce kirikiri. Ba kuma jiya ta fara zama da mutane ba: wani bincike da aka buga a 2014 a kan haƙoran mutanen da aka binne dubban shekaru da suka wuce a Al Khiday, kusa da Omdurman a Sudan, ya gano alamar suna cin ƙululanta.

Me ya sa inda Baba ya cire ɗaya uku ke fitowa? Sirrin yana cikin carbin nan. Muddin jerin yana haɗe, ƙululun da ya tsiro yana danne sauran, suna barci. Da an fizgi ganyen jijiyar ta tsinke, sai kowane ƙululu ya farka ya zama shugaban kansa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Haka ma wanda ya kafta wurin da damina ya daddatsa jerin, ya ƙara mata yawa ne da hannunsa.

Ta ina ta shigo? Baba ya tuna cewa bara an kawo tifa biyu ta baƙar ƙasa daga fadama don cike wani kwari. Nan ne ƙofar da ta fi yawa. Sauran su ne ciyawar dashe da ake saya a bakin titi da ƙasarta, da ɗanyen takin dabbobi da bai ruɓe ba, wanda ke ɗauke da irin ciyayi kala-kala, da injin yanka da ke yawo gida-gida ba a wanke shi. Duk wanda zai karɓi ƙasa daga waje, ya tankaɗe shebur biyu uku a rariya kafin direba ya juye.

Aya-aya tana da rauni biyu, kuma dukansu kyauta muke samun su. Na farko bushewa. Ƙululun da aka tono aka bari a sarari yana mutuwa idan rana ta tsotse ruwan jikinsa. Saboda haka in wurin ya ɓaci sosai, a haƙura har Maris ko Afrilu, a yanke ban ruwa, a kafce zurfin taƙi guda ko fiye, domin yawancin ƙululan a wannan tsakanin suke. A tsince abin da ido ya gani, a bar saura ga ranar bazara kamar mako biyu, a sake juyawa a sake bari, sannan a yi sabon dashe. Rauni na biyu inuwa. Ba ta son a rufe mata rana, don haka ciyawar ado mai kauri ita ce babbar kishiyarta. Masu aske fili ƙwal da langalanga don a daɗe ba a sake yanka ba, su ne ke buɗe mata ƙofa. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya. A kuma duba ko famfo na yoyo ko ruwa na kwanciya, don ta fi haɓaka a wuri mai damshi. Ban ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum.

In kuwa 'yan tsiraru ne, a bi su da wuƙa ko ƙaramin shebur, a fitar da ƙululun tare da ganyen. Duk wanda ya sake leƙowa a cire shi tun bai kai ganye biyar ko shida ba, wato kusan kowane mako biyu. Kowane sabon tsiro daga ajiyar ƙululun yake ci, in ba a bar shi ya yi ganyen da zai mayar da bashin ba, rumbun zai ƙare. Aikin damina guda ne cur, wani lokaci biyu. Duk mai ce muku akwai hanyar mako ɗaya, kaya yake son sayarwa.

In ya zama dole a yi feshi

Sunan da ke rubuce da manyan baƙaƙe a jikin kwalba na kamfani ne. Wanda ya kamata ku nema yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe, shi ne sunan sinadarin, tare da lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa.

Inda aka rubuta glyphosate, wanda ya fara shiga kasuwa a 1974 da sunan Roundup, ku sani ba ya zaɓe. Yana shiga ta ganye ya gangara har saiwa, kuma zai kashe ciyawar adon kafin ma ya gama da aya-aya. Amfaninsa biyu ne a nan: share wuri gaba ɗaya kafin sabon dashe, ko shafa shi da ɗan soso a kan ganyen baƙuwar ita kaɗai, da safar roba a hannu. Ko shi ɗin ba ya kaiwa ga ƙululan da ke barci, sai an maimaita. Wanda aka rubuta 2,4-D na masu faffaɗan ganye ne, kirikiri na jure shi, amma wasu irin ciyawar ado ba sa jurewa, kuma iska kaɗan ta kai shi kan tumatir ko kuɓewa ko fulawar maƙwabci sai ganyensu ya murɗe. Wanda aka yi musamman don dangin aya a cikin ciyawar ado shi ne halosulfuron. Ba ya nuna aikinsa da wuri, sai bayan mako ɗaya ko biyu ganyen zai fara rawaya, kuma galibi ana sake fesawa bayan wasu makonni. Kowanne ne, a gwada a ɗan lungu tukuna a jira.

Akwai wanda zan ce ku nisance shi ɗungum, wato paraquat, wanda aka fi sani da Gramoxone. Mutane na son sa don kafin gobe wuri ya ƙone, amma ganye kawai yake ƙonawa, ƙululun na nan lafiya lau. Ga shi guba ce da ba ta da makari, kurɓi kaɗan na kashe mutum. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, NAFDAC ma ta sa shi cikin waɗanda ta haramta, ko da yake ba a rasa shi a wasu kasuwanni.

Sai awo, inda aka fi yin ɓarna. Al'adar gwangwanin madara ɗaya a kowace tankin goyo ba awo ba ce. Takardar magani da hekta take magana, hekta ɗaya kuwa murabba'in mita 10,000 ce. A ce filinka mita 20 ne a tsaye, 15 a kwance, ya zama murabba'in mita 300. A ce kuma, don misali kawai, takardar ta ce lita 3 a hekta, wato mililita 3,000. Sai ka ninka 3,000 sau 300, ka raba da 10,000, ka sami mililita 90. Ruwan da za ka haɗa fa? Zuba ruwa zalla a injin feshin, ka auna mita 10 a tsaye 10 a kwance a gefe, ka fesa da irin tafiyar da ka saba, ka ga nawa ya ragu. In lita 2 ta tafi a wannan murabba'in mita 100, filinka na son lita 6. Mililita 90 a cikin lita 6 ke nan, kuma da sirinji ake auna shi.

A yi feshi da sassafe kafin iska ta tashi, ranar da ba hadari, a lokacin da ciyawar ke cikin ƙarfinta, domin wadda ƙishi ya kama ba ta shan magani. Kada a yi yanka kwana biyu kafin feshi da kwana biyu bayansa. Doguwar riga, dogon takalmin roba, safar hannu da takunkumi. Ba a cin goro ba a shan taba ana aikin. A tsare yara da kaji da awaki har wurin ya bushe, ciyawar da aka yanka daga nan kuma kada a ba dabba. Kada a taɓa juye ragowar magani a robar lemo ko ta ruwa, kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin injin, sannan a huda ta don kada wani ya tsinta ya zuba mai.

Aikin yi

Kafin zama na gaba, kowa ya tono ciyawa iri uku daga harabar gidansa ko masallaci ko makaranta, da saiwarsu, ya wanke ya kawo a takarda. A ƙarƙashin kowace ya rubuta sunan da ake kiranta a garinsu, da rukuninta, da ko 'yar damina ce ko mai kwana a ƙasa, da yanayin wurin da ya same ta: yashi ne, laka ce, hanya ce ko gindin famfo. Za mu baje su a tebur mu ga ciyawa nawa ce ta zo da suna fiye da ɗaya.

Sannan a yi wannan lissafi a littafi. Filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, murabba'in mita nawa ne? In takardar magani ta ce lita 2 a hekta, mililita nawa zai ci? In mai feshin yana ƙarar da lita 2 ta ruwa a kowane murabba'in mita 100, sau nawa zai cika injin goyo mai cin lita 16?